Ɗori Biyu a Ƙwabri Guda

Gidanmu gidan maɗora ne. Kakanmu ya yi ɗori, ubanmu ya yi, da ya rasu sai sana'ar ta koma hannun ƙanensa, wanda muke kira Bappa. Daga Buza har Tama, in raƙumi ya kada mutum ko rijiya ta rufta da shi, garinmu ake kawo shi. Ni mace ce, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun ina ƙarama ba na tsoron ƙashi.

Mu biyu Inna ta haifa da munka rayu: yayana, ɗan farinta, sai ni, shekara takwas tsakaninmu. Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba, uwa na iya tsayawa tsakar kasuwa ta ƙwala wa ɗanta kira. Inna kuwa tun da ta haifi yayana sunansa bai taɓa fita bakinta ba. "Wancan" take ce mashi. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba. Sai dai in ta dama fura, ta tura ni da ƙwaryar da ta fi kauri, ta ce, "Kai waje, ko akwai mai sha." Kowa ya san mai shan.

Ina da shekara kamar bakwai ya faɗo daga gawo, shina sarar wa awaki ganye, ƙwabrinsa na hagu ya karye. Al'adar gidanmu, in za a ɗora ƙafar mutum sai a karya ƙafar kaza a ɗora tare, ranar da kaza ta taka an san mai karaya ya kusa tashi. To kaza ta warke sarai, ƙafar yayana kuwa ta kama a karkace. Bappa ya ji kunya, ɗan wansa ne kuma a gidansa. Ya ce sai an sake karyawa a gyara. Maza biyu sunka danne shi, ni anka ba ni diddige na riƙe. Da Bappa ya buga, ƙashin bai karye a tsohon wurin ba, sai ya karye ƙasa da shi kamar yatsa biyu. Ihun da yayana ya yi har bakin rijiya an ji. Inna ta ɗauki taɓarya ta shiga maƙwabta, wai za ta taya su daka.

Haka ya warke da ƙulli biyu a ƙwabri guda, ƙafar kuma ba ta miƙe ba. Ni ce mai shafa mashi man shanu safe da yamma, na san ƙullayen nan kamar yatsuna. In ya ɓata mini rai sai in ce, "Kaza ma ta fi ka ƙafa!" Shi ko ya bi ni da ɗingishi, bai taɓa kama ni ba.

Sai shekarar da fara ta cinye gonaki ta zo. Ba zan tsaya ba da labarin yunwar ba, wanda ya gani ba ya son tunawa. Da rani ya tsananta, yayana ya ɗauki jakinmu guda da ya rage, da tasoshin Inna da mundayenta, ya ce zai gangara wajen Ƙonni ya samo hatsi. Ya ce kwana ashirin. Ranar da zai tafi Inna ta juya baya tana tsince tsakuwa a faifan da babu komi cikinsa.

Kwana ashirin da 'yan kai da tafiyarsa, makiyaya sunka ga ungulaye na shawagi bakin ƙoramar da ke gabas da gari, kan hanyarmu ta zuwa rijiya. Gawar namiji ce, an doke shi a ƙeya, an tuɓe shi, ungulu ta gama da fuska. Anka hana mata da yara zuwa. Mutum uku sunka je: maigari, liman, da Bappa, don shi ne mai taɓa abin da wasu ke ƙyama. Sunka dawo sunka ce baƙo ne, ba a san shi ba, ba a ma san ko mai salla ne ko ba mai salla ba. Saboda haka ba a kai shi maƙabarta ba, nan bakin ƙorama anka turbuɗe shi anka jera duwatsu. Maigari ya aika gida-gida cewa kada maganar ta fita, don in kumandan, Nasaran da ke mulki a Buza, ya ji, gardinsa masu bindiga za su zo su kwashi maza zuwa kaso ana dab da shuka.

Wurin ya zama kushewar baƙo. Mata in sun dawo daga rijiya nan suke sauke tulu su huta, kowa ta ɗora dutse guda saboda kura. Inna ba ta taɓa wucewa ba ta ɗora ba. Takan ce, "Bawan Allah, Allah ya kai labari ga uwarka." Na ji ta da kunnena ya fi a ƙirga, ni ma har na koya ina faɗi.

Yayana bai dawo ba. Damina ta faɗi, munka ci tafasa da rogon daji munka rayu. Da kaka Bappa ya je kasuwar Madawa ya dawo, ya tsaya bakin ɗakin Inna, ya yi gyaran murya ya ce, "Na gamu da wani falke. Ya ce ya ga yaronmu can ƙasar Ingilishi, wajen Sakkwato. Shina lafiya, ya samu ubangida. Ya ce a gaishe ku." Ya ajiye goro biyar a ganye.

Inna ta ce, "To, madalla." Shi ke nan abin da ta ce. Ina za ta tambaya? Wane falke, wace unguwa, yaushe zai dawo, ya yi ƙiba ko ya rame? Uwar ɗan fari ba ta yin waɗannan tambayoyin, balle ga ƙanen mijinta. Bappa ya san haka sarai, a kan wannan kunyar ya gina ƙaryarsa.

Kowace kaka gaisuwa na zuwa. Wata shekara goro, wata shekara ɗan gishirin ƙunshi, sau guda har da zane baƙi mai sheƙin shuni. Inna ba ta ɗaura shi ba, ta naɗe ta sa cikin tukunya ta rufe da faifai. Har lokacin yaƙin Nasara, da anka tsare iyaka ko allura ba ta ƙetarewa sai a ɓoye, gaisuwa ba ta fasa ba. Da ina da wayo da nan na gane. Amma ni fushi ya rufe mini ido.

Wallahi na tsani yayana shekara da shekaru, ba zan ɓoye ba. Na ce ɗan banza ya samu tuwon Sakkwato ya manta da wadda ta haife shi. Ya tafi da jakinmu da mundayen uwarsa, ya bar mu da goro biyar! Ranar aurena na zage shi a raina. Da na haifi ɗana na fari, Inna ta aiko a gaya wa mijina ko za a sa ma jinjirin sunan "wancan", na ce sam, ba a gidana ba. Bappa na zaune anka kawo maganar, bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Shekara goma sha uku da tafiyarsa anka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙorama ta ciko ta ci gaɓarta ta gabas. Da safe mun fito mu shida za mu rijiya, sai munka tarar rabin kushewar baƙo ta zube, duwatsu sun gangara, ƙasusuwa a fili cikin yashi. Sauran matan sunka yi salati sunka ja baya. Ni na ce haba, ɗan Adam ne, ba a barinsa karnuka su ja. Na kwance mayafina na sauka in rufe shi.

Na fara tattarawa. Ƙoƙon kai da ramin dukan a baya, haƙarƙari, ƙashin cinya. Da na ɗauki ƙwabri, yatsana ne ya gane kafin idona. Ƙulli, sai yatsa biyu, sai wani ƙulli, ƙashin kuma a karkace. Na durƙusa cikin laka ina shafawa sama da ƙasa, yadda nake yi da man shanu. Wata ta ce daga bisa, "Ke, lafiya?" Na ce lafiya lau, ku je na iske ku.

Na naɗe ƙwabrin cikin kallabina na nufi gidan Bappa. Ban zo da zargi ba, Allah shina gani. Na zo ne in gaya mashi mun yi kuskure duka, falken nan ya ruɗe mu. Na iske shi bakin zaure shina wasa hauya. Na durƙusa na sa mashi ƙashin a hannu.

Bai ko duba ba. Babban yatsansa ya tafi kai tsaye kan ƙulli na biyu, aikin hannunsa. Bai yi salati ba, bai ce mene ne wannan ba. Ya waiga dama da hagu, ya rage murya ya ce, "Ɗiyata, maida shi inda kika ɗauko. Kada uwarki ta gani."

Na ɗaga kai na dube shi. Na ce, "Bappa, ka sani?"

Ya ce, "Ni na wanke shi. Maɗori na manta ɗorinsa?"

Na ce, "Goron fa? Zanen fa?"

Ya ce, "Madawa na saye."

Sai ya shiga kawo dalilai. Wai in an ce ɗan gari ne, dole a kai magana Buza, dole a tambayi wanda ya kashe shi, alhali ba wanda ya sani. Wai sun yi rantsuwa su uku, biyu sun mutu, shi kaɗai ya rage da kayan. Wai ya ji tsoron kada baƙin ciki ya kashe Inna cikin yunwa, daga baya kuma ya rasa ta inda zai warware. Wataƙila duk gaskiya ne. Wanda ya doke yayana ya tafi da jaki da hatsi, har yau ban san shi ba, na yi zarge-zargena amma zargi ba shaida ba ne. Wannan ɓarawo ne ko mayunwaci, ban taɓa cin tuwo da shi ba. Bappa kuwa shi ya aurar da ni, shi ya yi wa ɗiyana huɗuba. Ya bar ni na zagi mamaci shekara goma sha uku, mamacin da ya ɗauko mana hatsi har ya hango rufin ɗakinmu.

Na fisge ƙashin daga hannunsa. Ban taɓa yi wa babba haka ba, kuma ban yi nadama ba.

Inna na tsakar gida tana sussuka. Na shimfiɗa kallabin gabanta na ce, "Inna, ƙorama ta tone baƙo. Taɓa nan." Ta dube ni, ta dubi ƙashin. Na ɗauka ba za ta gane ba, tunda ba ta taɓa duba ƙafarsa a gaban mutane ba. Ashe ta sani. Ta sa yatsa a ƙulli na farko, ta sa a na biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta buɗe tukunya ta fito da zanen nan mai shuni, ta ce, "Mu je."

Kafin mu isa maza sun taru bakin ƙorama da sabon liman, za su maida ƙasusuwan rami. Ba a saba mace ta matso wurin ba, amma ba wanda ya iya tare ta. Bappa ma ya iso, shina tsaye baya-baya. Liman, wanda yaro ne lokacin da abin ya faru, ya ce, "Jama'a, har yanzu ba wanda ya san bawan Allahn nan? Da suna da mun yi mashi addu'a da shi, mun kai shi cikin 'yan'uwansa."

Na dubi Bappa, na ba shi wannan damar, Allah ya sani na ba shi. Ya sunkuyar da kai shina kallon yatsun ƙafarsa.

Sai Inna ta faɗi sunan. Da ƙarfi ta faɗe shi, da na ubansa, sau uku, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci abinci. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, har ya yi mini baƙo a kunne. Tsofaffin da ke wurin sunka kau da kai don kunya. Ta miƙa wa liman ƙwabrin ta ce a haɗa mashi da sauran. Zanen kuwa ta taka har gaban Bappa ta ajiye mashi a ƙasa.

Ta ce, "Shekara talatin da uku ban faɗi sunansa ba, don ni na haife shi. Kai mi ya hana ka?"

Bappa ya tsaya shina kallon zanen a ƙasa. Ya ƙara shekara tara a duniya, gidansa na jingine da namu, Inna ba ta sake amsa gaisuwarsa ba, ni ma haka. Anka kai yayana maƙabarta a ranar, munka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in kamar jiya ya mutu. Amma Inna ba ta daina tsayawa bakin ƙoramar ba in mun dawo daga rijiya. Takan sauke tulu inda duwatsun suke dā, ta ɗan jima, ta ce, "Labari ya iso." Sannan in taya ta ɗauka mu wuce gida.