Ranar da Ordinata Ta Haɗiye Manoman Garagumsa

Daga Kara-Kara har ka dangana da iyakar Najeriya, babu wanda ya san cikin ordinata, wato kwamfuta, kamar ni. Haka nake faɗa a majalisarmu ta shayi, kuma ba a taɓa musa mini ba, watakila don ni ke sayen sukari. Na tayar da injin da har an fara yi wa mai shi ta'aziyya. Na ja rezo, wato layin sadarwa, zuwa wani buron ma'aikata da ko iska ba ta shigarsa.

Wata shekara, gab da damina, ƙungiyar manoman gero da gyaɗa ta Garagumsa ta nemo ni. Za a ba su iri, amma masu bayarwa sun ce sai an rubuta kowane manomi a shafin intanet, su kuma su gani daga buronsu a Zinder. Shugabar ƙungiyar wata hajiya ce mai ƙaramin jiki da babbar murya. Abu ɗaya ta roƙe ni: kada mutum ɗaya ya karɓa sau biyu.

Na ce, "Hajiya, ko aljani ne ba zai karɓa sau biyu ba."

Na zauna na gina shafin, na kafa masa doka: in suna ya zo ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne, a share na biyun. Na yaba wa kaina sosai, har tsire na saya wa kaina. Sakataren ƙungiya ya kwana uku yana shigar da mutane daga katin dantite ɗinsu, wato katin shaidar ɗan ƙasa.

Ranar rabo na saka babbar riga na tafi karɓar godiya. Motar iri na tsaye a gindin gawo, direba riƙe da takardar da aka buga masa daga shafina, ana kira ana miƙa buhu. Aka gama kira, sai ga mutum goma sha ɗaya tsaye ba a ambace su ba. A gabansu wani dattijo dogo, ya riga ya share gonarsa, irin da ya ajiye kuwa an ci shi tun da bazara. Ga hadari ya fara haɗowa a gabas. Direba ya ce shi da la'asar zai wuce gari na gaba da sauran buhuna, kuma ba ya ba wanda ba ya cikin takarda.

Na duba, na gyara murya. "Baba, ai an ba ka. Ga sunanka nan, an yi masa alama."

Ya ce, "Ɗana, ni dai ga hannuna. Wanda aka ba ga shi can yana ɗaure buhu a jaki. Sunanmu ɗaya, iyayenmu ma takwarori ne, amma cikinmu biyu."

Na karɓi katinsa, na karɓi na mai jakin. Ranar haihuwarsu duka ɗaya ga Janairu, shekarar ma iri ɗaya. Na karɓi na uku, na huɗu, na goma. In ka bi takarda, duk Garagumsa a rana ɗaya aka haife su, ungozomar garin ta sha aiki ranar. Su ne ake ce wa ne-ber: an haifi mutum a ƙauye ba a rubuta ba, da ya zo yin kati aka dubi fuskarsa aka kimanta shekara, aka ba shi ɗaya ga Janairu. Abin kunyar, mahaifiyata ma ne-ber ce. Ni da aka haifa a matanite, asibitin haihuwa, da awa da minti a takarda, ban ko tuna ba.

Gumi ya jiƙa babbar rigar. Hajiya ta matso, ta kira ni yadda ake kiran 'yan boko, ta ce, "Mushe, me ordinatar ta ce?"

"Ta ɗauka mutum ɗaya ne."

"To ba ta tambaya ba? Wannan na bakin rijiya ne, wancan mai jaki ne. Ko awakin garin nan sun san bambancinsu."

Nan na gane abin da shafina ya rasa. Na ƙara masa gurbi ɗaya na laƙabi. Hajiya na faɗa ina bugawa: na bakin rijiya, mai tabo a goshi, na gidan maƙera, wanda ya yi Kano. Ba ta ko duba kati ba. Matsalar ta koma rezo, don a garin ba ya kamawa sai a kan wani tudu bayan makaranta. Aka jawo mini amalanke can, na hau da tumbina, na ɗaga salula sama kamar mai neman wata, manoma goma sha ɗaya na riƙe da tayoyi kada in gangara da irinsu. Buron Zinder suka ga sababbin sunaye, suka kira direba ana kiran sallar la'asar.

Dattijon ya karɓi buhunsa, ya zura hannu ya jujjuya geron a tafinsa, ya sa mini albarka kamar ba ni na share shi ba. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan shuka. Har yau shafin na aiki, kuma duk kaka sai an aiko mini da gyaɗa daga bakin rijiya.

Amma a ranar, da aka kawo fura hankalina ya dawo, sai bakina ya dawo tare da shi. Na ce, "Hajiya, kin ga aiki? Ai na gaya miki babu kamata a Damagaram."

Ta kurɓi furarta ta ajiye ludayi.

"Gaskiyarka, Mushe. Shekara talatin muna rabon iri da baki, ba mu taɓa samun wanda ya ɓatar mana da mutum goma sha ɗaya kafin azahar ba sai kai."