Malamar da Ta Zo Auna Karatuna

Har na kai aji uku a makarantarmu ta firamare da ke Sabon Tasha a Kaduna ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Wajen tsakiyar shekarun 1980 ne. Ba kowa ya gane ba, domin ina da kunne. In malami ya karanta shafi sau biyu na haddace, in aka ce in tashi sai in riƙe littafi in yi ta zubawa. A coci ma ni ake turawa gaba in faɗi ayoyi. Shifta ce kawai take tona mini asiri.

Baba yana aiki a masaƙa a Kakuri. Da farko ya zargi ido, ya kai ni asibiti, aka ce idona garau. Daga nan ya yarda da maganar malamai, cewa wasa ne ya yi mini yawa. Na sha bulala a gida da makaranta.

Wata safiya aka kira mu uku ofishin hedimasta. 'Yan aji suka ce allura za a yi mana. Muka tarar da wata mata gajera mai tabarau, wadda aka ce ta yi karatu a Jos kan yaran da karatu ke ba wuya. Ɗaya bayan ɗaya ta gan mu. Ni ce ta ƙarshe.

Ba ta fara da littafi ba. Ta tambaye ni yadda Mama take dama kunu, na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ba ni lissafi da baki, na amsa. Sannan ta ce, "In aka cire 'ka' daga 'kaza', me ya rage?" Ban san kalma tana da gaɓoɓin da za a iya cirewa ba.

Ta jera katuna huɗu a tebur: b, d, ɓ, ɗ.

"Nuna mini ta farkon 'doya'."

Na nuna ɗaya. Ta gauraya su, ta sake tambaya, na nuna wata. A idona duk abu guda ne, sanda da ƙulli. Ta miƙo mini littafin da ban taɓa ji an karanta ba, sai hawaye.

"Share fuskarki, 'yata," in ji ta. "Ba jarrabawa ba ce, ba wanda zai ci ko ya faɗi."

Bayan kwana biyu Baba ya nemi izini a wurin aiki ya zo. Ina tsaye a gefe malamar ta ce masa, "Baba, yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma lalaci take yi ba. Haɗa harafi da sautinsa ne yake yi mata wuya. Akwai yara da yawa haka."

"To, Malama, wane magani za a saya?"

"Babu na sha. Koyarwa ce a hankali. Kuma a ajiye bulala."

Baba bai ji daɗi ba, ya so a rubuta masa magani. Amma bai sake dukana kan karatu ba.

Duk Asabar Mama takan sa ni a bas zuwa gidan Malama a Romi. Malama takan zuba yashi a faranti, in zana harafi da yatsa ina faɗin sautinsa. Mun daɗe a kan b kaɗai kafin ta bari na taɓa d. Aikin akwai gundura, sau da yawa na so in gudu. Na maimaita aji uku, ƙanwata ta tarar da ni, abin ya yi mini ciwo sosai.

A aji huɗu na fara karatu da kaina, ina bin layi da yatsa. Daga baya aka yi wa mijin Malama canjin wurin aiki suka bar Kaduna, ban ƙara ganinta ba. Sauran yara biyun, ɗaya ashe kunne ne ke damunsa, aka tura shi asibiti. Ɗayar ta bar makaranta ta koyi ɗinki.

Har yau a hankali nake karatu. Duk abin da na rubuta, wannan ma, sai 'yata ta duba mini haruffa kafin ya fita daga hannuna.