Sifikar da Malam Yohanna ya ƙona sau biyu

A duk shekarun da na yi ina aikin wayarin mota a garejinmu na Jekadafari, ranar da ba ta fita a raina ita ce ranar da Malam Yohanna ya kai ƙarata wurin shugaba. Ni da ba a taɓa kira na a kan laifi ba, sai ga ni tsaye ana nuna ni da yatsa, wai na sa wa dattijo jabun kaya. Bari in ɗauko muku daga farko.

Malam Yohanna tsohon malamin makaranta ne, mutumin Kaltungo, yana zaune a Federal Low-Cost. Tun da ya yi ritaya ba abin da ya sa a gaba sai koyar da mawaƙan cocinsu a Herwagana. Yakan ɗauki muryoyinsu a waya lokacin gwaji, ya zuba a memori, ya riƙa saurare a mota don ya gano wanda ke kauce wa waƙa. Cikin watan Oktoba ya kawo mini motarsa, wata 'yar Kwatano, ya ce sauti ya lalace.

"Malam Habu, ka taimake ni," in ji shi. "In ban ji su da kyau ba, ba zan iya tsayawa gabansu ranar Kirsimeti ba."

Ga wanda bai san aikin ba, irin waɗannan motoci suna zuwa da ƙananan sifikoki a ƙofofi, sannan da babba guda ɗaya a bayan kujerar baya, wadda muke kira ufa. Ita ke fitar da amo mai kauri, irin na ganga da na maza masu babbar murya. Ina kwance ta, tun kafin in ɗora mita hancina ya gaya mini. Naɗin wayar cikinta ya ƙone, takardar kuma ta yage.

Ta kamfani ba ta samuwa a Gombe sai an yi sautu daga Legas, kuma ba kayan ɗan fansho ba ce. Na ba shi shawara mu sa ta kasuwa mai sauƙi. Amma ku sani, mai sauƙi ba ita ce wadda hannu ya fara kaiwa ba. Sai ka auna faɗin ramin, ka duba da mita ko ƙarfinta ya dace da amfilifayar motar, in ba haka ba ɗaya ta kashe ɗaya. Wadda na samu ta ɗan fi ramin ƙanƙanta, sai na yanka mata zoben katako, na toshe gefe da roba don kada ta riƙa karkarwa. Na kunna. Muryoyin mutanensa suka cika motar tas.

"Ƙara," ya ce. Na ƙara.

"Ƙara dai."

"Baba, ai wannan ya ishi gidan biki," na ce masa. Ya yi murmushi ya tafi.

Ba a rufa wata ba ya dawo, shi da matarsa Mama Rifkatu. Bai ko kalli shagona ba, ya wuce kai tsaye wurin Alhaji Bappa, shugaban garejin. Tsarinmu shi ne, duk aikin da aka yi ƙorafi a kansa a gaban shugaba ake buɗe shi, mai mota na tsaye, mai aiki na tsaye. Na buɗe. Sabuwar ufar ta ƙone ƙurmus, irin ƙunar ta farko. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san aikina. Na zagaya na murɗa makulli, sai ƙananan sifikokin suka fashe da ƙara har masu walda suka ɗago kai. Sautin yana ƙarshe, amon kauri ma an kai shi ƙarshe.

"Alhaji, duba nan!" na ce. "Wace sifika ce za ta rayu a haka? Ko daga kamfani aka sauko da ita yau, gobe gawa ce."

"A haka ma da ƙyar nake jin su," in ji Malam Yohanna cikin fushi. "Kayanka ne ba su da kyau."

Na kashe rediyon. Alhaji Bappa yana tsaye a bayansa, sai ya ce, "Malam, zo mu koma inuwa mu yi magana." Bai juyo ba. Alhaji ya maimaita da ƙarfi, yadda har mai shayi a tsallaken titi ya waiwayo. Dattijon nan yana nan tsaye yana harara ta, yana jiran amsa. Na kalli Mama Rifkatu. Ta ɗan girgiza mini kai, idonta ya cika da hawaye.

Duk fushina ya zube. Garejin ya yi tsit, kuma wannan shirun ne ya gani a fuskokinmu.

"Me kuke kallo?" ya tambaya. Ya juya ya ga Alhaji da hannu a miƙe. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya buɗe mota ya zauna.

Alhaji ya kori 'yan kallo kowa ya koma aikinsa. Na durƙusa a bakin ƙofar, inda zai ga bakina. Shi ya fara magana.

"Tun damina nake ganin bakin matan yana motsi, ba na jin komai," ya ce. "Sai na bi na maza. Yanzu su ma suna tafiya. Mun je asibiti, sun ce ba mai dawowa ba ne." Ya shafa sitiyari. "Na so a ce motar ce, Malam Habu. Ka yafe mini."

Wallahi da ya ci gaba da zagina ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni ko akwai wata dabara. Na ce akwai abu ɗaya da zan gwada, amma ban yi masa alkawari ba. Na sa kafinta ya haɗa ƙaramin akwati, na sa wata ufar a ciki, na manna ta da bayan kujerar direba, sannan na rage ƙarfin amfilifaya daga ciki yadda ko ya kai ƙarshe ba za ta ƙone ba. Ya zauna ya jingina. Da waƙar ta fara sai na ga yatsunsa suna bin kiɗan a kan sitiyari daidai, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Har na fara murna.

"Gangar tana shigo mini ta baya," ya ce. "To mutanen fa?"

Ban da amsa. Aikina ya ƙare a nan.

Bayan sabuwar shekara Mama Rifkatu ta zo ita kaɗai a keke, da batirin motar a ƙafarta. Ta ce ana saura kwanaki Kirsimeti ya tara mawaƙan ya miƙa su ga wani tsohon ɗalibinsa. Ranar bikin a bencin baya ya zauna. Tuƙi ma ya daina, tun da ba ya jin oda. Yanzu da la'asar sai ya shiga motar a tsakar gida, ya jingina ya kunna, har batirin ya mutu. Na ce ko in zo in cire wayar don batirin ya huta.

"A'a, ɗana," ta ce. "Ka dai caja mana. Zan riƙa kawowa."

Har yau tana kawowa. Abin da na koya shi ne, mita tana gaya maka abin da ya ƙone, amma ba ta gaya maka dalili. Shi ya sa in an kawo muku sifika ƙonanniya nake cewa kada ku yi saurin kare kanku ko ɗora wa mai mota laifi. Ku duba inda ya bar sautin, ku dubi mutumin da kyau, kuma in za ku yi masa magana ku tsaya a gabansa.