Ni Ta, Uwakku

Idan ban manta ba, ina ɗan shekara bakwai aka fara kai ni hutun kaka Lafani, wajen kakata Ige. Bayan sallar isha'i takan tura itace cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Amma ba ta fara tatsuniya hannu banza. Sai ta zube mana karan dawa ta ce kowa ya ƙera abin da ke cikin labarin.

"Kai angona," takan ce mini, "wanga kurciya kay yi ko tukunya? Mijin da bai iya kara ba, ina shi ka iya noma?"

Wadda na fi riƙewa ita ce ta kurciya da muzuru. Kurciya za ta tafi kiwo, ta gargaɗi 'ya'yanta kada su buɗe wa kowa sai sun ji muryarta. Muzuru ya zo ya yi ta kwaikwayo, ya sha zuma, ya ƙanƙance maƙogwaro, amma kullum akwai kalmar da take tona shi. Da yamma uwar ta dawo. A nan Ige takan ƙwanƙwasa ƙwarya sau uku ta ce, "Ni ta, uwakku, ku buɗe." Mu kuwa sai mu ture ƙofar karan da muka yi, har wani ya taka wuta.

Yanzu ina koyar da adabin Hausa a wata sakandare a nan Illela. Bara shugaban makaranta ya kira ni ya ce ɗalibai barci suke yi a darasina, in nemi dabara. Na yi kwanaki ina juya abin, ina tsoron kada a ce wasa nake da yara. A ƙarshe na kai musu tatsuniyar nan, ban ce musu ta kakata ba ce. Suka kawo kara da tsohuwar zana suka gina sheƙa a gaban allo, suka yanka kunnuwan muzuru da kwali. Ban taɓa ganin ajin haka ba.

Wata yarinya mai suna Luba, 'yar Tozai, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba, ita ta ɗaga hannu ta ce za ta zama kurciya. Ta zo bakin zana, ta buga benci, ta ce, "Ni ta, uwakku, ku buɗe."

Na ga inuwar shugaba a taga. Ina jin wannan ne ya ruɗa ni, ko da yake ba hujja ba ce.

"Tsaya," na ce. "A daidaitacciyar Hausa 'ni ce, uwarku' ake cewa. Sake."

Ta sunkuyar da kai ta sake, a hankali, kamar mai karanta takardar asibiti. Sai Nasiru, mai bakin ajin, ya ɗaga murya daga cikin zana.

"Kada wanda ya buɗe! Wagga ba uwammu ba ta. Muzurun Kano na!"

Aji ya fashe da dariya, har shugaba. Luba ta ajiye fukafukan kwalinta a kan teburina ta koma wurinta. Na san ni ake yi wa dariyar, amma a kanta ta sauka.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga yara su kiyayi baƙo. Ban taɓa tunanin wanda aka haifa a cikin sheƙar zai iya zuwa jami'a ya dawo yana gyara wa uwa magana a bakin ƙofa ba. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, jarrabawa na nan tafe, na sani. Amma kurciya ba jarrabawa take rubutawa ba.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya tsayar da Luba bayan an tashi. Na ba ta haƙuri, na ce ina so ta sake fitowa.

"To Malam, wacce za ni faɗi?" ta tambaya. "Ta littafi ko ta gida?"

"Ta gida," na ce. "Haka kakata take faɗinta."

Ta dube ni da mamaki.

"Ashe Malam ɗan nan na? Mu mun aza baƙo na."

Ta fito, an yi wasan, an tafa mata. Amma shekarata uku ina koyar da su, sai ranar suka ji cewa ni ɗan nan ne.