Ranar da Allunan Dagmanet Suka Taru a Gidan Lawali

Lawali mutumin Damagaram ne, neman zinariya ya kawo shi arewa. Shekara biyu ya yi a Tchibarakaten yana shiga rami yana fita, bai samo komai ba sai tari da ciwon baya. Da ya sauko Agadas, kunya ta hana shi wucewa gida hannu rabbana, sai ya yada zango a unguwar Dagmanet. Wata rana wani mai babbar mota ya tarar da shi yana zana raƙumi da gawayi a jikin bango, ya ce ya zo ya yi masa irinsa a bayan motarsa. Raƙumin ya fito da wuya irin na jimina, amma mai motar ya yi murna. Daga nan sana'a ta kankama.

Yau shekara takwas ke nan, kusan duk allon da ka gani rataye a ƙofar butik, wato shago, a unguwar, hannun Lawali ne. Kawunan da yake zana wa masu aski duk hagu suke kallo, don har yanzu kunnen dama ya gagare shi. Ya auri Salamatou, mace mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba, suna zaune a gida mai faɗin tsakar gida.

Bara wata matashiya mai suna Souwaiba, shugabar wata ƙungiyar masu zane, ta zo ta same shi yana dama fenti. Ta ce za a yi ranar buɗe ƙofa: masu zane da maƙeran azurfa da dukawa kowa zai buɗe wurin aikinsa, a zana shuɗiyar kibiya a bango, jama'a su bi gida gida suna kallo.

"Tonton Lawali, kai ma artiste ne, sai ka shiga," in ji ta.

Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa kiransa da wannan suna ba. Nan take ya amsa. Sai da ta tafi Salamatou ta leƙo daga madafa.

"Malam, me za ka nuna musu? Gwangwanayen fenti? Aikinka ai duk yana ƙofar mutane."

Lawali ya kwana biyu yana juya maganar, sannan dabara ta faɗo masa. Ya bi butik butik yana roƙon aron alluna na wuni ɗaya. Issouf mai aski ya ba shi, Bahago mai tsire ya ba shi, Ousmane mai gyaran salula ya ba shi, har matar da ke da injin niƙa ta ce ya ɗauka. Ya jera alluna goma sha ɗaya a tsakar gida, na Issouf ya rataya shi daidai zaure don ya fi kyau.

Ran Asabar da hantsi ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya zauna a kujera yana jiran masu kallo. Wanda ya fara shigowa wani dattijo ne. Ya yi sallama, ya dubi allon kawuna, ya cire hula, ya zauna a kan turmin Salamatou.

"A rage min sosai, amma kada a taɓa gemu."

"Baba, nan ba wurin aski ba ne, nuni ake yi."

"To ka nuna min mai askin."

Kafin Lawali ya gama bayani, mata uku sun shigo da kwanonin gero a ka, suna tambayar ina aka kai injin. Wani ɗan kabu-kabu ya miƙo masa salula da ta faɗa cikin miya. Lawali na rantsuwa shi mai zane ne kawai, jama'a na ƙaruwa.

Can sai ga Issouf, rai a ɓace, almakashi a hannu.

"Lawali, tun safe ko ƙuda bai shigo wurina ba! Ashe nan ka kwaso min mutane."

Bai jira amsa ba ya ɗaura wa dattijon zane a wuya, ya hau aiki. Labari ya kai wa Bahago, ya turo tukubarsa a amalanke ya kafa ta ƙarƙashin allonsa. Ousmane ya shimfiɗa tabarma ya baje ƙananan sukurori. Da aka ce mai injin niƙa ma tana neman masu ɗauko mata inji, Salamatou ta tsaya a zaure da muciya ta ce duk wanda ya shigo da shi sai dai ya bi ta kanta.

Bayan azahar Souwaiba ta iso da ayarin baƙi, har da wasu malaman lakwal, wato makarantar boko, masu ɗaukar hoto. Hayaƙin tsire ya turnuƙe, gashi na tashi, ana ciniki. Lawali ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Ita kuwa ta dafe ƙirji.

"Mais c'est magnifique! Tonton, yaya aka yi ka yi tunanin sa allunan su yi rai?"

"Na daɗe ina nazarin abin," in ji Lawali, yana gyara hula.

Abin da ya ci masa rai shi ne, duk cikin taron nan ba wanda ya ɗaga kai ya dubi zanen kansa. Sai dab da la'asar wani tsohon Buzu mai rawani ya tsaya gaban allon Bahago, ya daɗe yana kallo. Zuciyar Lawali ta yi fari, ya matso kusa.

"Kai ka zana wannan karen?" in ji tsohon.

"Rago ne, baba."

Tsohon ya ƙara duba, ya ajiye tsinken tsiren da ke hannunsa a hankali, ya fita. Bahago, da ya ji komai, ya rantse ba zai karɓi allonsa ba sai an ƙara wa dabbar ƙaho. Lawali ya ƙara mata har huɗu, don a daina gardama.

Ƙungiyar ta ba shi takardar yabo, wai gidansa ya fi kowane wuri tara jama'a. Salamatou kuwa ta yi sati tana tsintar gashi cikin tuwo. Ta ce bana in Souwaiba ta dawo da shuɗin fentinta, a nuna mata bangon Issouf.