Bangon da Ya Ƙi Rufuwa a Jarwal

Har gobe ban manta da ranar da muka raba malami gida biyu a wani otal na alhazai a Jarwal ba. Saura kwana shida a hau Arfa, igamata kuma, wato takardar izinin zama da aiki, saura mata mako biyu ta mutu. Sai da sa hannun mudir, shugaban otal ɗin, ake sabunta ta.

Zauren otal ɗin yana da bango mai naɗewa wanda ke tafiya a kan layin ƙarfe a silin. In za a yi wa alhazai bita sai a ja shi, maza gefe, mata gefe. Mudir ya sayo ƙaton allon talabijin, ya ce a yi masa nasa layin a sama, a riƙa tura shi duk ɓangaren da ake so. Ni aka ba ɗaurawa. Zane kuwa na Muhandis Faisal ne, injiniyanmu, jikan Hausawa haifaffen unguwar Mansur, wanda Hausarsa ba ta fitowa sai zai yi faɗa. Shekara uku muna tare, ban taɓa ganin ƙafarsa a kan tsani ba.

Da na duba zanen na ce, "Ya Muhandis, layin nan zai gitta na bango. A ja bangon tukuna mu auna."

Ya ce, "Ya Sani, kai ka karanta handasa, ilmin injiniya, ko ni? Ɗaura, khalas."

Na ɗaura. Raina ya ɓaci, amma mai jiran sa hannu ba ya dogon musu.

Bayan la'asar alhazai suka cika zaure. Aka turo allo, aka kunna, malamin bita ya bayyana. Aka ja bango, ya taho sumul, yana isa layin allo ya cije. Tazarar kamu biyu ta rage a buɗe, allon kuma ya maƙale a tsakiya. Maza suka samu rabin malam na dama, mata suka samu na hagu da kunne ɗaya. Wasu tsofaffin da suka zo koyon jifan Shaiɗan har sun fara gyara zama wajen kafar.

Shugabar matan, wata Hajiya Basakkwata, ta leƙo ta ce, "Wane ne mai wanga aiki? Ku ba mu sauran malamin ko ku rufe muna bango!"

Mudir ya iso yana huci. Nan take Muhandis ya koma Larabci zalla, ya ce ma'aikaci ne bai bi zane ba. Na ga igamata tana tafiya. Na ce, "Ya Mudir, ga zane, ga abin awo, ga tsani. Muhandis ya hau ya nuna inda na kauce."

Mudir ya ce Muhandis ya hau. Ya tattare farar jallabiyarsa, ya taka ɗaya, biyu, a na huɗu tsani ya fara kaɗawa, ni kuwa na riƙe shi gam, kaɗawar daga mai hawan take, ba daga tsanin ba. Ya auna sau biyu. Ko faɗin farce ban kauce ba. Hajiya ta ce, "Sauko, ɗana, kar ka ja muna sallar gawa."

Kwana biyu na yi ina kwance layin, na mayar da shi gefen na bango, aka ƙara allo na biyu wa mata. An sabunta mini igama. Amma a rahoton aikin an rubuta cewa ma'aikaci ya gyara kuskurensa bisa kulawar injiniya. Muhandis ya rubuta, ni na sa hannu, don ina da 'ya'ya huɗu a Kano.

Ku da kuke shigowa sana'ar nan, kada ku huda silin sai kun ja bango kun ga inda yake tsayawa. Kuma ku sani, ko awo ya wanke ku a gaban mutum ɗari, takarda ba a kan tsani ake rubuta ta ba.