Bappa Ban-Gani-Ba

Kun dai san yadda Bappa Siddi yake yi. Ya sauke tabarau kan hanci, ya dubi katinka, ya dubi fuskarka, ya sake duban katin kamar mai tayin akuya. Aikinsa a kotu shaida sa hannu da buga hatimi, kuma maganarsa ɗaya ce: "Ban gani ba."

Ran da matarsa Inna Dije ta je sa hannu a takardar fili, ko kunya babu ya ce, "Hajiya, katin shaida."

"Malam, ni ce fa! Kunun da ka sha da safe wa ya dama?"

"Waccan a gida na san ta. Ke yanzu muka haɗu."

Haka ta tari keke ta koma gida Pantami ta ɗauko. Ranar miyarsa lami. Da ya yi magana ta ce ai ta zuba gishiri, shi ne dai bai gani ba.

Oga Emeka mai kayan gyaran mota kuwa yarjejeniya ya kawo, abokin cinikinsa ya riga ya sa hannu, yana kwance da zazzaɓi a unguwar Bagadaza. Bappa ya saka hatimi a aljihu, ya bi shi har bakin gado, ya sa aka tayar da mutumin zaune ya sake sa hannu. Sai da ya buga hatimi sannan ya ce masa sannu da jiki.

Mun sha yi masa dariya, har ran da abin ya zo gidanmu. Bayan rasuwar babanmu, yayana ya kai masa takardar sayar da gidan da mahaifiyarmu take ciki, da dangwalen yatsa a ƙasa.

"Bappa, yatsan Umma ne. Ni ɗan ƙaninka zan yi maka ƙarya?"

"Ban ce ƙarya ka yi ba. Ban gani ba. Kawo ta ta dangwala a gabana."

Bai kawo ta ba, don ba ta ma san da zancen ba. Har yau a gidan take kwana. Ni tun ranar taurin kan nan ya daina ba ni dariya, ƙaunarsa nake yi.

Ran da Bappa ya rasu, da aka gama yi masa sutura, Inna Dije ta tare ƙofa. "Ku buɗe min fuskar. An ce shi ne, amma ban gani ba."

Aka buɗe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Shi ne."

Ya Allah, mun shaidi bawanka da gaskiya, kuma a gaban idonmu ya yi ta. Ka jiƙansa, Ka haskaka kabarinsa.